Shuɗiyar Rigar Vó Quitéria

Shafi na 14

Na ga masu tsine wa Edilene tun jiya, har da wadda ta ce in ta kama ta sai ta aske mata kai da almakashin nata. Ku dai sassauta. Wadda ba ta taɓa sa hannu a akwatin kakarta a ɓoye ba, ita kaɗai na yarje wa zagi yau.

*

Kwana uku ke nan da asibiti suka sallamo Vó Quitéria, wato Kaka Quitéria, kakar Edilene, kuma ba sallamar warkewa ba ce. Likita ya ja 'yarta Gorete, goggon Edilene, gefe ya ce zuciyar tsohuwa ta gaji, a kai ta gida ta kwanta a gadonta cikin mutanenta. A garin Salgueiro kowa ya san fassarar wannan magana. Shi ya sa maƙwabta suke shigowa suna rage murya, su ajiye ɗan kwanon miya su fita suna share ido.

Edilene tana kicin tana turara cuscuz, dambun masara na karin kumallo, ta jiyo muryar kakarta daga ɗaki, siririya amma a tsaye.

"Gorete."

"Na'am, Mainha," in ji Gorete, haka take kiran uwarta.

"Buɗe akwatin nan na ƙarƙashin taga. Can ƙasa, a naɗe cikin farin zanen gado. Fito min da rigata ta sha iska, kada a sa min ita tana warin kafur."

"Haba Mainha, wace irin magana ce wannan da sassafe?"

"Irin wadda ta dace da ni. Ko kina tsammanin rigar rawa zan nema?"

Murfin tukunya ya suɓuce daga hannun Edilene. Tururi ya ƙona mata yatsu, ko a jikinta. Wata biyar take jiran wannan safiya, kullum tana roƙon Allah kada ta zo.

Ita dai sana'arta ƙawata ɗaki da abin da mutane suka zubar. Kwalba, gwangwanin madara, murfin lemo, tsohuwar riga, duk ta san abin da za ta mai da su, ta ɗauka a waya ta sa a shafinta, mata dubu arba'in suna biye da ita. Mai irin wannan sana'a ba ta ganin tufafi a matsayin tufafi. In ta kalli rigarki, lissafi take fure nawa za ta fitar. Lokacin da aka kwantar da kakar a asibitin birnin Recife don aikin ido, Edilene ta tambaye ta a waya ko za ta iya ɗibar tsofaffin ƙyallaye a akwati. Tsohuwa ta ce ta ɗebi na sama. Ita kuwa ta tona har ƙasa, ta tarar da doguwar riga shuɗiya, ruwan sararin sama, wadda ba a taɓa sawa ba. Ta kifa bakin kofi ta zana, ta yanka zagaye-zagaye, ta tsuke kowane da zare ya zama ɗan fure, abin da muke kira fuxico. Ragowar yadin ta mayar cikin zanen gadon ta rufe akwati.

Yanzu ga ƙarar murfin akwatin nan tana ji. Ta ji ana ɗaga kaya.

"Kin gan ta?" in ji tsohuwa.

"Na… na gan ta, Mainha. Bari in kai ta igiya in shanya."

Gorete ta fito rungume da ƙunshin. Ba ta kalli Edilene ba, hannunta kawai ta damƙa ta ja ta suka fita ta ƙofar kicin, har can wurin wanki, gindin bishiyar kashu inda murya ba ta kaiwa ɗaki. Ta warware zanen, ta ɗaga abin da ke ciki da hannu biyu. Rana tana leƙowa ta ramukan kamar rariya.

"Mene ne wannan?"

Edilene ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake. Ɓera ne? In ɓera ne ki faɗa min, don ni ban taɓa ganin ɓeran da ke cin yadi da ma'aunin bakin kofi ba."

"Tia, don Allah…" in ji Edilene, haka take kiran goggon tata.

"Kada ki ce min Tia. Ina sauran?"

Idon Edilene ne ya tona mata asiri, ya tafi ta ƙofar kicin ya tsaya a ƙofar ɗakin tsohuwa. Gorete ta bi shi da kallo. Labule ne rataye a wurin, furanni shuɗɗa a jere a kan zare, iska tana ɗan kaɗa su.

Gorete ta dafa bakin kwamin wanki.

"A'a."

"Tia…"

"Wannan labulen? Wanda na tsaya a gabansa kika ɗauke ni hoto ranar bikin São João? Wanda na tura wa 'yata a São Paulo na ce ta ga basirar 'yar ɗan'uwana?"

"Shi ne."

"Ranar da muka dawo da ita daga asibiti, ni na ɗaga mata shi da hannuna aka shigar da ita ɗaki. Ashe likkafanin uwata na ɗaga mata ta wuce ta ƙarƙashinsa."

Ta yi wata dariya marar daɗin ji, ta toshe bakinta da bayan hannu don kada ta kai ɗaki.

"Ina gaban rigar? Akwai taurari sha biyu da farin zare a ƙirji. Ba na ganinsu a labulen."

"Matashin kujera na yi da shi."

"To ɗauko."

"Ba ya nan."

"Yana ina?"

"Da bidiyon aikin ya yi farin jini, mutane suka yi ta roƙo… sai na yi ƙuri'a a shafi, kamar yadda ake yi. Wata mata a garin Manaus, can nesa, ita ce ta ci."

"Manaus."

"Eh."

"Kin sa likkafanin Mainha a ƙuri'a. An rubuta suna, an kira ƙawaye uku, an ci." Gorete ta tafa hannu a hankali. "Sannu, uwar basira. Sannu da aiki. Mutum nawa suka danna miki zuciya?"

"Tia, ban san mene ne ba. Na ɗauka rigar zagayen coci ce ta dā. Wa yake ɗinka wa kansa likkafani yanzu? Masu jana'iza ne suke kawowa da akwatin…"

"Masu jana'iza! Uwata ce za ta tafi cikin rigar kanti?"

Gorete ta zauna a kan bokitin da aka kife. Mace ce mai faɗa, duk layin an san ta, amma yanzu faɗan ya zube, abin da ya rage a fuskarta ya fi faɗan ban tsoro.

"Ta sa na rantse ba zan taɓa faɗa miki ba. Shekara ashirin da tara ina riƙe da shi. Yau Allah ya yafe min."

"Faɗa min me?"

"Kin san uwarki ta rasu wurin haihuwarki, aka miƙo ki hannun Mainha. Abin da ba ki sani ba, kina wata takwas, shekarar da fari ya kashe shanu, amai da gudawa suka shigo unguwar nan. Yara bakwai aka ɗauka a layinmu cikin wata guda. Ke ce ta takwas. Idonki ya kafe, maɗigarki ta faɗa, nono ba ya wucewa. Har an kunna kyandir an sa miki a hannu, yadda ake wa mai tafiya. Ni na riƙe hannun, ina 'yar sha tara, kakin yana ɗiga min a yatsu."

Gorete ta ci gaba.

"Mainha ta ture mu. Ta durƙusa gaban mutum-mutumin Uwarmu Maryamu da ke kan kabad ta yi alwashi da ƙarfi, kowa yana ji. Ta ce in aka bar mata jaririyar nan, za ta ɗinka rigar tafiyarta da launin mayafin Maryamu, da hannunta, ba keke, ba taimakon kowa, kuma a cikinta za a binne ta. Kafin rana ta faɗi kika yi atishawa kika nemi ruwa."

"Tia, ki bari…"

"Ban gama ba. Shekara biyu tana ɗinkin nan, ranar Asabar kawai, kowace sukar allura da addu'arta. Ni 'yar cikinta na ce ta kawo in kama mata kalmasa, ta buge min hannu. Ta ce kada a taɓa gaya miki, don kada yarinya ta tashi tana jin ranta kaya ne a wuyan wani." Ta ɗago ido. "Kin san kuma abin da tsofaffinmu suka yarda da shi. Wanda ya tafi da alwashi a wuyansa ba ya samun kwanciya."

Edilene ta sulale ta zauna a ƙasa, cikin ruwan wanki. Kukan bai fito da sauti ba, kafaɗunta ne kawai suke rawa. A aljihunta waya ta yi ƙara, ta sake yi. Mabiya ne, suna tambayar ina bidiyon yau na fitilar kwalba da ta yi musu alkawari.

"Na sani," ta ce.

"Me kika ce?"

"Ƙarya na yi miki. Na sani, Tia."

Gorete ta tsaya cak.

"Da farko wallahi ban sani ba. Na yanke hannun riga ɗaya da gefe guda. Da na juya ta sai na ga bayan a buɗe yake tun daga wuya har ƙasa, da 'yan igiyoyi, babu maɓalli, babu aljihu. Nan take na gane. Rigar da ake sa wa wanda ba zai iya ɗaga hannu ba ce."

"Sai kika tsaya."

"Waya tana ɗauka. Hasken taga ya yi kyau. Na ce a raina ai na riga na ɓata, tsayawa ba za ta mayar da ita ba, gara in ƙarasa in saya mata wata daga baya. Na ci gaba da yanka ina yi wa mutane murmushi. In kin kalli bidiyon akwai inda hannuna ya tsaya kaɗan. Wurin ne."

Gorete ta ɗaga hannu. Edilene ta rufe ido, ta ma so marin ya sauka, ko ta ji sauƙi. Bai sauka ba. Hannun ya koma ya faɗi a cinyar mai shi.

"Ni ta haifa," in ji Gorete a hankali. "Amma tunda kika zo gidan nan na koma baƙuwa. Ƙwai in ɗaya ne naki ne. Ban taɓa jin haushi ba, na ce marainiya ce. Ga sakayya."

Daga ɗaki aka kira, "Gorete! Kada rana ta ci launin."

"Tana inuwa, Mainha!" ta amsa da murya garau, hawaye yana bin haɓarta.

Edilene ta rarrafo ta kama ƙafarta.

"Zan warware furannin duka, in goge su, in haɗa. Yadin ai nata ne."

"Guda nawa ne?"

"Ɗari uku da 'yan kai."

"Ki haɗa faci ɗari uku ki sa wa uwata, ta tafi kamar 'yar tsanar bikin São João? Kuma ɗinkinta da kika yanke fa, shi ma za ki goge shi ya dawo?"

"To bari in yi wa matar Manaus magana, ko taurarin ne a samu."

Edilene ta rubuta mata saƙo. Ba a yi minti biyu ba amsa ta zo, da murna da zukata. Matar ta turo hoto: matashin a kan kujera, wata ƙatuwar kyanwa ta baje a kan taurarin tana barci. Ta ce ba komai, za ta sa a gidan waya, cikin mako biyu zai iso.

Gorete ta kalli hoton ta kawar da kai.

"Mako biyu. Likita ya ce in ta ga Lahadi mu gode Allah."

"Zan shiga in faɗa mata gaskiya."

"Ki yi me?"

"Ba zan iya ba, Tia. Wata biyar ba na iya kallon fuskarta."

"Ahaf. Wato ki sauke kayanki ki ɗora wa mai mutuwa. Ke ki samu sauƙi, ita ta tafi da tsoro." Ta miƙe ta kakkaɓe siket ɗinta. "Ki saurare ni da kyau. Idonta ya tafi, aikin Recife bai yi ba, inuwa kawai take gani. Yanzu zan je kasuwa in nemo irin yadin nan. Zan ɗinka a keken maƙwabciya don kada ta ji ƙara. Ke kuma ki yi taurarin. Ba ke ce mai koya wa duniya yadda ake mai da sabon yadi tsoho da ruwan shayi ba? To yau ranarki ce."

"Alwashin fa? Ai ba hannunta ba ne."

"Wannan tsakaninki ne da Maryamu. Ni dai uwata za ta rufe ido da kwanciyar hankali, ko da ƙarya ce."

Haka aka yi. Kafin sha ɗaya Gorete ta dawo da yadi, shuɗin ya ɗan fi na dā duhu. Edilene ta tsoma shi a ruwan shayi, ta shanya, ta goge, ta murtsuke shi da hannu don taurin sabunta ya fita. Bidiyon da ta yi a kan wannan dabara mutum dubu ɗari suka kalla, ba ta taɓa zaton ga inda zai yi mata amfani ba. Ta zauna a kan matakalar kicin da farin zare tana yin taurari, tana duba tsohon bidiyon don ta ga yadda na asalin suke. Duk lokacin da ta tsayar da hoton sai ta ga fuskarta tana dariya da almakashi a hannu. Sau biyu tana shiga ɗaki ta ba kakar ruwa a cokali.

"Hannunki yana warin shayi," in ji tsohuwa.

"Na zubar ne, Vó."

"Kullum cikin gaggawa. Yau ba ki ɗauki hoton kwalabenki ba?"

"Yau na huta."

"Kada ki huta saboda ni. Matan nan suna jiranki."

Edilene ta fita da gudu kafin kukan ya kufce mata.

Wajen ƙarfe huɗu suka gama. Gorete ta farfasa kafur ta goga a wuya da hannuwa, ta ninke rigar yadda ta tuna ana ninke ta. A ƙofar ɗaki ta tsaya ta kalli labulen, ta ture shi da gwiwar hannu kamar mai gudun ƙaya.

Vó Quitéria tana jingine da filo biyu, ta ƙanƙance har gadon ya yi mata yawa. Carbinta yana naɗe a wuyan hannu.

"Kun daɗe."

"Iska ce babu, Mainha. Ga ta."

Ta shimfiɗa mata a cinya. Tsohuwa ta ɗora tafukanta biyu a kai ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta saki. Ta ɗago wuyan rigar ta shinshina. Edilene tana jingine da bango tana kallo.

"Kafur ya yi yawa."

"Zai fita."

Yatsun suka fara tafiya. Suka bi ƙirji, suka tsaya a tauraro na farko, suka wuce na biyu. Suka gangara gefe, suka juya bakin rigar, suka kama kalmasa. Babban yatsa ya bi layin ɗinkin a hankali, ya dawo, ya sake bi. Shekara sittin matar nan tana ɗinka wa rabin garin nan kaya. An ɗauke mata ido, amma an manta ba da ido take gane ɗinki ba.

"Gorete."

"Na'am."

"Tun kina 'yar sha biyu nake ce miki ki riƙa sassauta zaren ƙasa. Har yau keke yana tattare miki yadi."

A waje mai sayar da burodi ya wuce yana busa ƙahon kekensa.

"Ina tawa?"

"Mainha, asu ne. Asu suka shiga akwatin suka cinye, ban so hankalinki ya tashi ba shi ya sa…"

"Asu ba sa shiga akwatina."

"Mainha…"

"Ni ce, Vó."

Gorete ta juyo ta galla mata harara, amma Edilene ta riga ta zube a gaban gado.

"Ni na yanka ta. Lokacin da kike Recife. Kin ce in ɗebi na sama, na tona ƙasa. Na yi fuxico da ita. Labulen ƙofarki ita ce, gaban kuma na ba wata kyauta. Kuma na gane ko mece ce tun ina tsakiya, ban tsaya ba. Ba laifin Tia, ni ce."

Tsohuwa ba ta motsa ba. Edilene tana jiran tsinuwa, ko a ce ta fita daga gidan, ta shirya wa duka biyun.

"Miƙo min ɗaya."

Gorete ta tsinko fure ɗaya daga labulen ta sa mata a tafin hannu. Tsohuwa ta jujjuya shi, ta taɓa inda aka tsuke.

"Kin iya tsukewa. Ni na koya miki, kina zaune a kan gwangwanin mai."

Edilene ta girma a gidan nan, ta ga an kawo gawar mahaifinta daga hanyar Petrolina, ba ta ga hawayen matar nan ba. Yau ga shi yana bin tamojin fuskarta yana shiga kunne.

"Vó, ki yafe min. Tia ta gaya min komai. Ni zan roƙa miki, zan tafi ziyarar ibada Juazeiro da ƙafa, zan yi duk abin da…"

"Yi min shiru, sakarai." Muryar ta fito da ƙarfin da ba su san ya rage ba. "Kina tsammanin kaina nake yi wa kuka? Ni na ci zamanina. In ba a ba ni wurin kwanciya ba in zauna a tsaye, na saba."

Ta lalubo kan Edilene ta damƙe gashinta, damƙar mai tsoron a ƙwace masa abu.

"Ke aka bar min a kan rigar nan. Na ce a bar min ke, ni kuma in zo a cikinta. In na je ba ita, aka ce Quitéria ba ta cika magana ba, a kan wa abin zai koma?"

"Vó, ba haka Allah yake ba…"

"Kin je kin gani ne?"

Gorete ta juya ta fuskanci bango.

Tsohuwa ta saki gashin. Ta share fuskarta da bakin zanen rufa, ta ja numfashi, ƙirjinta yana ƙara.

"Yadin nan ba laifi. Wa ya biya?"

"Ni, Mainha."

"Allah ya yi miki albarka. Ɗauko reza ki warware min ɗinkin keken nan kaf. Taurarin ma a cire, 'yar nan ta yi su kamar ƙafar kaza. Lene, zura min zare. Ninki biyu, kada ya fi kamu ɗaya tsawo."

"Mainha, cokali ma ba kya iya riƙewa!"

"Ban tambaye ki ba. Ban ce shekara biyu a alwashina ba, ni na ja abina. Hannuna kawai na ce. Ku yi sauri."

Suka yi sauri. Gorete tana warwarewa tana kuka, zare yana zuba a ƙasa. Edilene sau huɗu tana kuskure kafar allura kafin zaren ya shiga. Suka haɗa bakin kafaɗa biyu suka ɗora mata a kan filo, suka sa allurar tsakanin yatsunta. Hannun yana karkarwa har tsinin yana zane a iska. Edilene ta kai nata ta tallafe shi.

"Cika ni."

"Riƙewa kawai zan yi, Vó, ke za ki soka."

"Na ce ba taimakon kowa. Cika ni."

Ta cika.

Tsohuwa ta lalubi bakin yadin da babban yatsa, leɓenta ya fara motsi da addu'a. Allura ta shiga, ta fito. Ta ja zaren a hankali har ƙulli ya tsaya.

"Ɗaya," ta ce.

Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta huta, ta sake sokawa.

"Biyu."

Edilene ta kalli tsawon rigar, tun daga kafaɗa har inda ta zubo ƙasa daga bakin gado. Ta kalli ɗan abin da aka ɗinka, bai kai faɗin farce ba.

Allura ta shiga karo na uku. Tsininta ya leƙo ta ɗaya gefen, ya tsaya a nan.

Suka jira a ce uku.

"Mainha?"

Yatsun suna riƙe da allurar gam, ba su saki ba, ba su kuma ja ba.

"Vó? Vó, ja zaren mana."